Wasannin Inuit da Tambayar Inda Hokin Ƙanƙara Ya Samo Asali

Wani ɗan gajeren bidiyo ne ya jefa ni cikin karance-karancen da suka haifi wannan rubutu. A cikinsa wani saurayi ya kife a daɓen wani zauren wasanni, ya dunƙule hannayensa biyu, sannan ya ɗaga jikinsa ya dogara a kan gaɓoɓin yatsun hannu da kuma yatsun ƙafa, gwiwoyin hannunsa manne da haƙarƙarinsa, gadon bayansa a miƙe sambal. Da alƙali ya ba shi izini sai ya fara tsalle gaba-gaba a haka, hannu da ƙafa suna barin ƙasa lokaci guda, 'yan kallo suna ta ɗaga murya suna ƙarfafa masa gwiwa, har ya kai inda ƙarfinsa ya ƙare ya zube. Da ya miƙe, fatar bayan yatsunsa ta saluɓe tana jini, amma abin da ya fara yi shi ne komawa gefe ya tafa wa wanda zai biyo bayansa. Wannan ɗaya ne daga cikin wasannin gargajiya na al'ummar Inuit, mutanen da ke zaune a can ƙuryar arewacin duniya, tun daga Alaska, a ratsa arewacin Kanada, har zuwa Girinlan. Na nuna wa wani abokina bidiyon, sai ya ce ai ba abin mamaki ba ne, tunda mutanen nan su ne suka ƙirƙiro hokin ƙanƙara, wasan nan da ake sulu a kan ƙanƙara ana bugun ɗan faifai da sanda. Ya faɗi maganar babu ko ɗar a ransa, ni ma kuma a lokacin ban ga abin musu a cikinta ba, domin hankali yana saurin haɗa mutanen ƙanƙara da wasan ƙanƙara. Sai da na bi diddigin zancen na tabbatar cewa kama da wane ba ta wane.

Wanda yake son ya fahimci wasannin Inuit sai ya fara da duba inda ake yin su. A garin Igloolik da ke yankin Nunavut na Kanada, rana takan faɗi a ƙarshen watan Nuwamba, ba a sake ganin ta sai tsakiyar Janairu. A irin wannan lokaci, a zamanin da, iyali sukan shafe kwanaki a cikin iglu, wato ɗakin da ake ginawa da tubalan dusar ƙanƙara, babu haske kuma babu ɗumi sai na fitilar dutse da suke kira kullik, wadda ake kunnawa da kitsen dabbobin teku. Idan iyalai da yawa suka haɗu a zango guda, sukan gina babban iglu na taro mai suna kaggik domin kiɗa da waƙa da wasanni. Saboda haka yawancin wasannin nan an gina su ne a kan ƙarancin wuri da ƙarancin kaya. Ɗan zare, ko guntun ƙashi, ko jikin mutum shi kaɗai, sun wadatar.

Mafi shahara a cikinsu shi ne shurin sama da ƙafa ɗaya. Ana rataye ɗan abu da zare, sau da yawa 'yar ƙwallon fata da aka ɗinka da siffar sil, dabbar ruwan nan da Inuit suke farauta domin nama da kitse da fata. Ɗan wasa zai taho ya daka tsalle da ƙafa biyu, ya shuri abin da ƙafa ɗaya, sannan ya dira a kan wannan ƙafar da ya yi shurin da ita, ya tsaya cak ba tare da ɗaya ƙafar ta taɓa ƙasa ba. Dirar ita ce jarrabawar gaske, domin da yawa sukan taɓa abin amma su kasa riƙe kansu. Ana ba kowa dama uku, sannan a ƙara ɗaga zaren, kuma gwanaye sukan shuri abin da ya ɗara tsayinsu nesa ba kusa ba. A Alaska ana ba da labarin cewa ɗan aike da ya fito daga wurin farauta yakan tsaya daga nesa, inda mutanen gari za su iya hango shi, ya yi irin wannan tsalle domin su san an dace, su fito taimakon ɗauko nama.

Kusan kowane wasa yana da irin wannan dangantaka da aikin yau da kullum. Tsallen gaɓoɓin yatsu da na gani a bidiyo kwaikwayo ne na yadda sil yake jan jiki a kan ƙanƙara. Akwai tsallen durƙuso, inda mutum zai durƙusa ya zauna a kan dugadugansa, bayan ƙafafunsa shimfiɗe a ƙasa, sannan ya wurga hannayensa ya zabura gaba ya dira a kan tafin ƙafafunsa biyu. Mafaraucin da ke durƙushe a kan ƙanƙarar teku yana bukatar wannan zafin nama idan ta tsage a ƙarƙashinsa. Na gwada shi sau ɗaya a kan shimfiɗa mai taushi, na ji a jikina, kuma ban ƙara ba. Akwai kuma jan kunne, wanda kallonsa ma sai mai ƙarfin zuciya: mutum biyu za su zauna suna fuskantar juna, a zarga madaukin zare a kunnen kowannensu, kowa ya ja kansa baya har sai zaren ya suɓuce daga kunnen ɗaya ko kuma ya sallama. Abin da ake gwadawa shi ne juriyar zafi, irin wanda mutum yake sha idan sanyi ya ci masa kunne alhali gida yana da nisa.

Abin da ya fi burge ni a gasannin da ake yi yanzu shi ne yadda abokan hamayya suke koya wa juna. Za ka ga wanda ya riga ya shuri abin ya matso kusa da wanda ya kuskure, yana nuna masa inda ya kamata ya fara tsallen, alhali idan wancan ya dace shi ne zai iya raba shi da lambar yabo. A ganina wannan ɗabi'a gado ce daga rayuwar zango, inda ƙarfin maƙwabcinka yake cikin abin da zai ciyar da 'ya'yanka idan farautarka ba ta yi kyau ba.

Ba duka wasannin ne na ƙarfi ba. Ajagak wasa ne na ƙashi mai ramuka da aka ɗaure da tsinke, a wurga ƙashin sama a yi ƙoƙarin cafke shi da tsinken ta cikin rami. Akwai kuma saƙa siffofin dabbobi da zare a tsakanin yatsu. A yankin Igloolik waɗannan wasanni biyu suna da lokacinsu: idan rana ta kusa dawowa akan hana wasan zare don kada ta harɗe a cikinsa, a ƙarfafa wasan ajagak domin wurga ƙashi sama ya taya ta hawa. Masanin al'adu Franz Boas, wanda ya zauna a tsibirin Baffin na arewacin Kanada daga 1883 zuwa 1884, ya bayyana wani jan igiya da ake yi a bikin kaka, inda waɗanda aka haifa da hunturu suke ɗaukar sunan wata tsuntsuwar tudu mai kama da makwarwa, waɗanda aka haifa lokacin ɗumi kuma su zama agwagi. Idan agwagi suka rinjaya, ana sa ran hunturu mai sauƙi. Mata kuma suna da katajjak, inda biyu za su tsaya fuska da fuska suna musayar sautuka daga maƙogwaro, wadda ta fara dariya ko numfashinta ya ƙare ita ce ta faɗi. A Utqiagvik da ke arewacin Alaska, bikin Nalukatak na watan Yuni, wanda ake yi bayan an dace a farautar kifin wel, ya shahara da cilla mutum sama daga kan fatun da aka ɗinke wuri guda, jama'a suna riƙe da gefensu suna ja.

Wasan da ya fi kusa da abin da abokina yake nufi shi ne ƙwallon ƙafarsu. Inuit suna ɗinka ƙwallon fata su cusa mata gashin dabba ko gansakuka, su buga ta a fili a kan dusar ƙanƙara, maza da mata, manya da yara. Wasan ya daɗe ƙwarai, domin labarin tafiyar matuƙin jirgin ruwan Ingila John Davis zuwa Girinlan a 1586 ya ambaci yadda ma'aikatan jirginsa suka buga ƙwallo da mutanen wurin. Ya kuma shiga cikin tatsuniyoyinsu, inda ake cewa hasken nan mai launi da ke kaɗawa a samaniyar arewa da dare rayukan matattu ne suke ƙwallo da ƙoƙon kan walrus, wata ƙatuwar dabbar teku mai haure biyu. Wasan sanda ma akwai shi. Edward Nelson, wanda ya zauna a St. Michael da ke gaɓar yammacin Alaska daga 1877 zuwa 1881, ya rubuta cewa mutanen yankin, waɗanda dangin Inuit ne, suna buga 'yar ƙwallon haure ko ta fata ko ta itace da sanda mai lanƙwasa a ƙasa ko a kan ƙanƙara. Wannan shi ne mafi ƙarfin abin da mai ra'ayin abokina zai iya kafa hujja da shi, kuma ban raina shi ba. Sai dai bugun ƙwallo da sanda mai lanƙwasa abu ne da al'ummomi da dama a duniya suka gano da kansu ba tare da sun ga juna ba, kuma kafin Nelson ya sauka St. Michael an riga an buga hoki a birnin Montreal na Kanada, a ɗaya ƙarshen nahiyar.

Ba a sanda gizo ke saƙar ba, a takalmi ne. Abin da ya raba hokin ƙanƙara da sauran wasannin sanda shi ne takalmi mai wuƙar ƙarfe a ƙasansa, wanda yake sa ɗan wasa ya yi sulu da gudun da ƙafa ba za ta iya ba. Irin wannan takalmi yana bukatar ƙanƙara mai santsi kamar madubi, irin wadda take daskarewa a kan tafki ko kogi mai ruwan daɗi. Ƙanƙarar tekun arewa kuwa yawancin lokaci gargada ce, iska da igiyar ruwa sun karya ta sun tara ta tudu-tudu, dusa kuma ta lulluɓe ta. Takalmin Inuit shi ne kamik, na fatar sil ko ta karibu (wani nau'in barewar ƙasashen sanyi), mai taushi da ɗumi, wanda aka yi domin ya riƙe mutum kada santsi ya kwashe shi. Hikimar da ke cikinsa kishiyar hikimar takalmin sulu ce.

Idan aka bi sawun takalmin da sandar tare, Turai ake komawa. Zane-zanen mai zane ɗan ƙasar Holan Hendrick Avercamp, na farkon ƙarni na 17, cike suke da mutane a kan daskararrun magudanan ruwa, wasu suna sulu, wasu suna bugun ƙwallo da sanda a wasan da ake kira kolf. Mutanen Ayalan suna da hurling, na Sikotilan suna da shinti, a dausayin gabashin Ingila kuma ana buga bandi a kan ƙanƙara idan hunturu ya yi tsanani. Ita kanta kalmar hoki ta bayyana a wani littafin wasannin yara da aka buga a Landan a shekarun 1770. Charles Darwin ma, a wata wasiƙa da ya aika wa ɗansa a 1853, ya tuna yadda yake son hoki a kan ƙanƙara yana yaro. A 2014 wasu masu bincike uku, Carl Gidén da Patrick Houda da Jean-Patrice Martel, suka tattara ɗimbin irin waɗannan shaidu suka nuna cewa an daɗe ana wasan a Birtaniya kafin ya yi suna a Kanada, abin da bai yi wa 'yan Kanada da yawa daɗi ba. Sojoji da 'yan ci-rani daga Birtaniya da Ayalan su ne suka tsallaka da wasannin zuwa Kanada, ƙasar da hunturunta ya fi tsawo, tafkunanta kuma suka fi yawa.

Daga nan ne ja-in-ja ta fara tsakanin garuruwan Kanada, kowa yana cewa a ƙofar gidansa aka haifi wasan. Windsor da ke Nova Scotia ta dogara da wani layi a littafin Thomas Chandler Haliburton na 1844, inda aka ambaci 'yan makaranta suna buga hurli, wato hurling, a kan wani dogon tafki. Kingston da ke Ontario tana da littafin ajiyar bayanan wani hafsan sojan Birtaniya, Arthur Freeling, wanda ya rubuta a 1843 cewa ya sha daɗin hoki a kan ƙanƙara. Akwai kuma Deline a bakin tafkin Great Bear, can arewa, inda John Franklin, Baturen Ingila mai binciken yankunan arewa, ya yi hunturu a 1825 ya kuma rubuta cewa mutanensa suna ɗebe kewa da sulu da hoki. Ina zargin labarin Franklin yana cikin abin da ke rikita mutane, domin wurin yana arewa mai nisa. Amma waɗanda suka yi wasan mutanen ayarin Franklin ne, wasan da suka taho da shi daga gida, ƙasar kuma ta al'ummar Dene ce, waɗanda harshensu da tarihinsu dabam suke da na Inuit.

Idan ana neman 'yan asalin ƙasar da hannunsu yake dumu-dumu cikin tarihin hoki na farko, Mi'kmaq na Nova Scotia ne. Suna da nasu wasannin sanda, kuma su ne gwanayen sassaƙa sandar hoki. Sukan nemi ƙaramar bishiya mai taurin itace wadda saiwarta ta lanƙwashe da kanta, su sassaƙa sanda guda daga jijiya zuwa gangar jiki ba tare da haɗi ba, ta yadda lanƙwasar ba ta karyewa da wuri. Kamfanin Starr na garin Dartmouth, wanda ya yi suna tun shekarun 1860 da takalmin sulu mai maƙalewa da ɗan maƙullin ƙarfe maimakon ɗaurin igiya, ya riƙa sayar da sanduna da tambarin Mic-Mac, wato sunan Mi'kmaq a tsohon rubutu, har cikin ƙarni na 20. Mutanen nesa sukan tara Inuit da Dene da Mi'kmaq a kwando ɗaya, alhali tsakanin Halifax da tsibirin Baffin tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, harsunan kuma ba su da dangantaka. Gudummawar Mi'kmaq ce take sauya hannu a bakin mutane ta koma ta Inuit.

Ranar 3 ga Maris, 1875 ita ce ranar da hukumar hokin ƙanƙara ta duniya ta amince da ita a matsayin ranar wasa na farko mai tsari a rufaffen fili. An yi shi a zauren sulu na Victoria da ke Montreal, wanda ya shirya shi kuma James Creighton ne, injiniya ɗan Halifax, kuma nan ne zaren Nova Scotia ya haɗu da na Montreal. Kowane ɓangare mutum 9 ne, da yawansu ɗaliban Jami'ar McGill. Saboda akwai 'yan kallo a gefe, ga shi babu katangar kariya, sai aka ajiye ƙwallo aka yi amfani da ɗan faifan katako wanda ba zai tashi sama ya ji wa wani ciwo ba, kuma wannan dabara ta kare 'yan kallo ita ce kakar faifan robar da ake bugawa yau. Ɓangaren Creighton ya ci 2 da 1, sannan aka tashi baram-baram da masu zuwa sulu, waɗanda suka ga an cinye musu lokacinsu. A 1877 jaridar Gazette ta Montreal ta buga dokokin wasan, waɗanda aka aro mafi yawansu daga hokin ciyawa na Ingila, har da haramcin miƙa faifai gaba. A 1892 Gwamna Janar na Kanada Lord Stanley ya ba da kofin da ke ɗauke da sunansa, aka fara miƙa shi a 1893, a 1917 kuma aka kafa NHL, babbar gasar ƙwararrun 'yan hoki ta Arewacin Amurka, a Montreal. Sannu a hankali aka rage 'yan wasa zuwa 6 a kowane ɓangare, aka raba wasan zubi uku na minti 20.

Ra'ayina shi ne masu jingina hoki ga Inuit da kyakkyawar niyya suke yi, amma suna rage musu daraja ba tare da sun sani ba. Maganar tana nuna kamar wasanninsu ba za su cancanci a kula su ba sai idan sun haifi wani abu da ake nunawa a talabijin ana biyan miliyoyin daloli. Shurin sama da jan kunne ba su taso domin su zama share fagen wani wasa ba. Suna da tasu manufa, kuma sun cika ta, tunda sun taimaka wa mutane rayuwa ƙarni bayan ƙarni a ƙasar da ayarin Franklin na 1845, mutum 129 da jiragensu biyu, suka halaka gaba ɗaya.

Hoki daga kudu ya je wa Inuit, a lokacin da rayuwarsu take juyawa. A shekarun 1950 da 1960 gwamnatin Kanada ta tattara iyalai daga zangunansu zuwa garuruwa na dindindin, aka kai yara da yawa makarantun kwana inda aka raba su da harshensu da al'adunsu, wasannin gargajiya kuma suka ja baya. Bayan harba tauraron ɗan'adam na Anik a 1972, talabijin kai tsaye ya isa arewa, hokin daren Asabar ya shiga ɗakuna. Matasa suka rungume shi hannu bibbiyu. Jordin Tootoo, wanda ya tashi a Rankin Inlet, shi ne ɗan Inuit na farko da ya buga a NHL, inda ya fara da ƙungiyar Nashville Predators a 2003, daga baya kuma ya riƙa sa riga mai lamba 22, wadda idan aka karanta alƙalumanta ɗaya bayan ɗaya da Turanci take fitar da sautin sunansa.

A daidai lokacin da wasannin gargajiya suke neman ɓacewa ne aka tashi tsaye domin ceto su. A 1961 aka fara gasar wasannin 'yan asalin Alaska a Fairbanks, wadda ake yi duk shekara, a 1970 kuma aka buɗe Gasar Hunturu ta Arctic a Yellowknife, wadda ake yi duk bayan shekara biyu. A 2002 Iqaluit, babban birnin Nunavut, da Nuuk, babban birnin Girinlan, suka haɗu suka karɓi baƙuncinta. A wannan gasa ana hoki a fili guda, ana shurin sama da tsallen gaɓoɓin yatsu a wani zauren, a cikin mako ɗaya. Kofin da ake ba ayarin da ya fi kowa ladabin wasa an yi shi ne da hauren narwal, wani kifin wel mai dogon haure ɗaya, lambobin yabon kuma, har da waɗanda ake rataya wa 'yan hoki, an ƙera su da siffar ulu, wuƙar nan mai kama da jinjirin wata da matan Inuit suke fiɗa da yankan fata da ita.